Google Sheets da littafin bikin Inna: yadda muka aurar da Autarmu

Littafin bikin Inna mai jan bango ne, irin na 'yan makaranta. Ya fi shekara 20 a ƙasan adakarta, naɗe cikin tsohon ɗankwali. Ita ba ta yi boko ba, don haka tun ina aji huɗu na firamare ni nake riƙe mata biro. Duk matar da ta taɓa kawo mata biki, na suna ko na aure, sunanta yana ciki, da abin da ta kawo, da abin da Inna ta mayar mata ranar nata. A daminar 2022, ambaliyar da ta ci garuruwa da dama a Jigawa ta shigo ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim cikin dare. Mun fita da ranmu da awakinmu, alhamdu lillahi. Da ruwa ya janye muka tarar littafin ya jiƙe sharkaf, tawada ta narke, shafuka sun manne da juna. Inna ta yi haƙurin geron da ya lalace da ɗakin da ya zube, amma zancen littafin nan bai bar bakinta ba. Tsoronta ɗaya ne: kada ta tauye wa wata haƙƙi ba da saninta ba.

Shi ya sa da aka sa ranar auren Autarmu, Juma'a 27 ga Disamba 2024, tun kafin a yi maganar gado da katifa na fara tunanin inda za a rubuta lissafi. Mahaifinmu ya rasu, ni ce babba, ina koyarwa a firamare a garin da nake aure. Ƙanina ɗaya yana yaron shago a Kantin Kwari, ɗayan yana Legas yana sayar da shayi da burodi. Baffa shi ne waliyyi, yana gida. Kuɗi zai fito daga wuri huɗu, a kashe shi a kasuwa huɗu ko biyar. Na Kanon ne ya ce, "Yaya, ki sauke Google Sheets a wayarki, da shi maigidana yake lissafin diloli."

Na yi amfani da shi wata huɗu cur, daga Satumba har bayan an kai amarya, kuma har yau ina buɗe shi. Abin da na gani nake son in faɗa wa masu shirin aurar da 'ya ko ƙanwa a karkara irin tamu.

Ga wanda bai taɓa gani ba, manhaja ce ta kamfanin Google da ta fito tun 2006. In ka buɗe, takarda za ka gani an zana mata layuka a kwance da a tsaye, ta zama gida-gida kamar rajistar makaranta. Layukan tsaye suna da haruffa, A, B, C, na kwance kuma lambobi. Lokacin da nake karatun NCE a Gumel an nuna mana Excel na Microsoft, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, to kusan tafiyarsu ɗaya. Bambancin da ya dame ni shi ne wannan kyauta ne ga duk mai adireshin Gmail, yana aiki a wayar Android, kuma mutum da yawa za su iya buɗe takarda ɗaya a lokaci ɗaya, kowa daga inda yake. Google yana ba kowa wurin ajiya na gigabait 15, kuma lissafin biki ko kusa ba zai taɓa shi ba.

Daren farko ban ji daɗinsa ba. Fuskar wayata ƙarama ce, yatsana yana danna gidan da ban nufa ba. Na rubuta kuɗi kamar yadda muke rubutawa a takarda, "dubu 25" a nan, "N8000" a can, na ce ya tara min, sai ya ba ni sifili. Na kira ƙanina na ce abin nan naka ba ya aiki. Ya ce in cire haruffan, in bar lamba zalla, domin duk gidan da aka sa harafi a ciki rubutu yake ɗaukarsa, ba ya lissafa shi. Na gyara, na rubuta =SUM(C2:C40) a ƙasa yadda ya karanto min, sai ga jimla ta fito. Na canza kuɗin katifa, jimlar ta canza da kanta. Daga nan na gane abin da nake riƙe da shi. Haka lambar waya: in ka rubuta ta kai tsaye, sifilin farko zai ɓace don ya ɗauke ta adadi ce. Ɗan waƙafin sama ake sawa kafin sifilin, sai ta zauna daidai. Kwanan wata kuwa na daina rubuta shi da lambobi zalla, nake rubuta sunan watan, don kada rana da wata su rikice min.

Shafin kayan ɗaki shi ya fara nuna mana amfaninsa. Na yi layi ɗaya na sunan kaya, ɗaya na ƙiyasi, ɗaya na abin da aka saya a zahiri, ɗaya na wanda ya ɗauki nauyi. Gado, katifa, durowa, ledar ɗaki, labule, kuloli, tukwane, kwanukan jere, turmi da taɓarya, rariya, tabarmi, fitila mai sola, buta, har tsintsiya da maficin wuta. Inna tana faɗa ina rubutawa, Gwaggo tana tuno abin da aka manta. Da muka haɗa da gara da abincin yini, ƙiyasinmu na Satumba ya tsaya a naira 1,400,000. Duk wanda ya yi hidima tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya san farashin da ka ji yau ba shi za ka tarar jibi ba, kuma kuɗin motar ɗauko kaya daga Kano kaɗai ya isa ya karya lissafi. Tsakiyar Nuwamba na duba, abin da muka riga muka saya ya haura ƙiyasinsa da kusan dubu 200, ga shi ba a taɓa gara ba. Riɗin da Baffa ya sayar da zoɓon Inna duk sun shige ciki.

Da a littafi nake rubutawa, wallahi ba zan gane ba sai ana saura mako guda, lokacin da ba abin yi sai cin bashi. Amma ga shi ƙuru-ƙuru da sauran kwana 40. Na je gida ranar Asabar, muka zauna a tsakar gida bayan la'asar, na karanta musu layi-layi. Abu mafi tsada da ya rage shi ne saitin kujeru. Auta ta daɗe tana koyon ɗinki wajen wata maƙwabciyarmu, sai ta ce a hankali, kanta a ƙasa, "Yaya, da za a bar kujerun a saya min keke, da na fi so." Gwaggo ta ce sam. "Ɗakin amarya ba kujeru? Dangin miji su shigo su zauna a ina? Kuna so a ce 'yar marayu ce shi ya sa?" Maganar ta taɓa kowa, Inna har ta share ido. Ban yi gardama da Gwaggo ba, don abin da take gudu gaskiya ne, a garinmu ana kallon ɗaki kuma ana magana. Na dai goge kuɗin kujerun a gabanta, na sa na keken ɗinki da kafet mai kauri da kujera ɗaya mai zaman mutum biyu, na juya mata wayar. Ba ta karatu, amma ta san lambobi, shekararta nawa tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ta ga jimlar ta sauko. Ta yi shiru, can ta ce, "To kafet ɗin dai ya zama mai kyau, ni zan zaɓa." Ita ta zaɓa ɗin. A ƙarshe mun kashe 1,685,000, kuma ba mu ci bashin kowa ba sai zubin adashina da na ɗauka da wuri.

Abu na biyu da ya yi mana, ban san yadda zan auna darajarsa ba. Na sha ganin gidajen da aka gama biki lafiya, 'yan'uwa suka yi shekara ba sa ga maciji, saboda wani ya turo kuɗi daga kudu bai ga inda suka shiga ba. Ƙanina na Legas yana tashi tun kafin asuba ya hura wuta, naira 150,000 da ya turo guminsa ne na watanni. Bai taɓa tambayata ba, kuma na san ba zai tambaya ba, kunya ba za ta bar shi ba. Amma rashin tambaya ba ya hana zuciya saƙa. Na ba shi damar buɗe takardar. Duk ranar da na cire kuɗi wajen mai POS na rubuta, har da ladan cirewar. Ranar da aka sayo goro a Mariri, ƙwarya nawa, nawa aka biya, nawa ɗan dako ya karɓa, yana gani daga rumfarsa. Wani dare ya kira ni ya ce, "Yaya, na ga kuɗin manja bai cika ba, zan ƙaro dubu 20 ranar Litinin." Ban roƙe shi ba. Gani ya kori ji.

Sadakin Auta kuwa na ware masa shafi shi kaɗai, ban haɗa shi da jimlar kuɗin hidima ba, domin haƙƙinta ne, ba kuɗin shinkafar baƙi ba. Baffa ya riƙe, ranar Lahadi ya je kasuwar Gujungu ya sayo mata tunkiya biyu da izininta, na rubuta da canjin da ya rage.

Baffa ne ya ɗago maganar da ban yi tunaninta ba, kuma ita ce nake so kowa ya riƙe. Da ya ji an ce na Legas yana ganin lissafi daga can, sai ya kira ni zaure ya ce, "Ke 'yar nan, abin nan naku ba zai tona wa mutane asiri ba? Wanda ya ba da ɗari biyar don ita ce da shi, sunansa zai riƙa yawo a wayoyin yara?" Na ce, "Baffa, sai wanda na buɗe wa." Ya ce, "Wanda kika buɗe wa fa, ba shi da mata? Ba shi da abokai?" Gaskiyarsa. Manhajar tana ba ka zaɓi uku ga duk wanda za ka gayyata: mai kallo kawai, mai iya barin tsokaci, ko mai iya gyarawa. Tana kuma ba ka zaɓi ko dai ka buɗe wa mutane da adireshinsu ɗaya-ɗaya, ko ka bar duk wanda ya samu mahaɗin takardar, wato link ɗinta, ya shiga. Na biyun nan kada ku kuskura ku yi shi da lissafin iyali, mahaɗi ɗaya in ya faɗa zauren WhatsApp na dangi, shi ke nan. Kuma mai kallo kawai ma yana iya ɗaukar hoton fuskar wayarsa. Saboda haka na raba abin biyu. Takardar kashe kuɗi, mu uku 'yan ɗaki ɗaya. Takardar gudunmawa da biki, ni kaɗai, in karanta wa Inna da Baffa da baki. In ka buɗe wa mutum takarda, duk shafukan cikinta ka buɗe masa, shi ya sa ban bar su a wuri ɗaya ba.

Mun gamu da tsautsayi sau ɗaya. Na Kano yana cikin adaidaita sahu yana shigar da kuɗin atamfar anko, yatsansa ya share layi 11 na kayan gara bai lura ba. Sai bayan kwana biyu na ga jimla ta ragu ba dalili. Gabana ya faɗi, domin a ciki akwai abin da muka ba mai alkaki da mai nakiya kafin alƙalami, da alkama da sukarin da muka auna musu, kuma ban rubuta a ko'ina ba. Na hau mashin zuwa cikin gari, wajen wani matashi mai shagon kwamfuta kusa da tasha. Ya sa na shiga da adireshina, ya buɗe wani wuri da ke nuna tarihin takardar: kowane gyara, da ranarsa, da sa'arsa, da sunan wanda ya yi shi. Muka duba yadda takardar take ranar Talata, ga layukan nan 11 a zaune. Ya dawo min da su, ya kuma tuna min in fita daga adireshina kafin in bar kwamfutarsa, na ji daɗin wannan amanar. Daga ranar na mayar da ƙannena masu kallo da tsokaci, ni kaɗai nake gyarawa. Su turo min abin da suka kashe, in shigar da dare.

Sabis a ƙauyenmu sai an fita bakin makaranta ko an hau tudun bayan gari. Akwai wurin da ake dannawa a ce takardar ta zauna a cikin waya ko babu intanet. In ka yi haka kana iya rubutu a ɗakin Inna, in ka fito inda sabis yake sai ya aika da kansa. Amma sai ka danna tun kana da data, kuma har sai ka fito ɗin sauran ba za su ga sabon abin da ka rubuta ba. Data ba ya ci sosai. Caji ne damuwa, kullum wayata tana wajen mai caji da rana. Umarnin ciki da Turanci na same su a wayata, don haka wanda bai yi nisa a boko ba zai buƙaci mai nuna masa kwana biyu na farko. Rubutun Hausa dai yana karɓa lafiya, na sa allon rubutu na Gboard a Hausa, ƙ da ɗ da ɓ duk suna fita.

Shafin ranaku ban ba shi muhimmanci sosai ba, amma ya tuna min gwajin asibiti da liman ya ce sai ya ga takardarsa, da ranar karɓar lefe, da ranar jere, da kamu da sa lalle. Kalanda ta bango ma za ta yi wannan.

Ranar yini kuwa, in faɗa muku gaskiya, waya ba ta da wurin zama. Sanyin hunturu, ƙura, gida cike da mata, hannuna duk mai, wannan ta ja ni nan, waccan ta ce tuwo bai isa zauren maza ba. Mace za ta shigo ta durƙusa gaban Inna, ta damƙa mata kuɗi a dunƙule cikin tafin hannu, ta ce "ga wannan ba yawa," ta tashi. Ba za ki tsaya a kanta kina latsa waya ba, rashin kunya ne, kuma za ta ga kamar ana auna ta. Na riga na hango haka, sai na sayi sabon littafi na ba wata ɗalibata 'yar aji shida mai kyan rubutu, ta zauna bayan Inna a ƙuryar ɗaki. Inna ta raɗa mata, ita ta rubuta. Bayan an kai amarya, dare uku ina kwafewa cikin waya, Inna tana gefena da fitila tana gyara min. Mata 213 suka kawo biki.

A nan na fi daɗewa, don a nan ne abin ya biya ni wahalata. Biki a wajenmu bashi ne mai daɗi. Wadda ta kawo miki dubu biyu, ranar nata ba dubu biyun za ki mayar ba, sai kin ɗora, wasu ma ninkawa suke. In kika rage, ba za ta ce miki komai ba, amma za ta riƙe, kuma ƙawancen shekara talatin yana iya yin sanyi a kan haka. Ba kuɗi kaɗai ake kawowa ba. Akwai mai tiya biyu ta gero, mai turmin atamfa, mai sabulu sinƙi ɗaya, mai kaza, akwai wadda ba ta kawo komai a hannu ba amma ta kwana biyu tana daka da tuƙi. Na yi wa kuɗi layinsa don ya taru, na yi wa kaya layi dabam, na ƙara layi na uku da Inna da kanta ta ce a sa: aikin da mutum ya yi. Ta ce wadda ta ba da ƙarfinta ita ma ranarta tana zuwa. Sai matsalar suna. Mata bakwai sunansu ɗaya, da yawa kuma Inna ba ta faɗin sunansu na yanka don suna ɗaya da surukarta ko da ni 'yar farinta. Dole na ƙara layin laƙabi da na unguwa ko ƙauye, da na gidan wa take aure. Yanzu in na rubuta haruffa uku a wurin nema, sai ya kai ni kanta. In na tace da sunan ƙauye, duk matan can su fito a jere.

Muna cikin kwafewar Inna ta fara tuno na tsohon littafi. Sunan wata zai zo, sai ta ce, "Wannan a sunan ɗan fari na wancan ta kawo kaza, ni na kai mata kaza a auren 'yarta." Na buɗe sabon shafi na riƙa zubawa. Ba duka ta tuna ba, amma mun ceto kusan mutum 60.

Na mayar da takardar ta koma PDF, wato siffar da ake kaiwa bugu, na kai shagon kwamfutar nan a buga. Bugun farko layin ƙarshe ya yanke, na aikin da mutum ya yi, kuma matashin ya so in biya kuɗin takardun da suka lalace. Ban ji daɗin haka ba, don shi ya kamata ya duba kafin ya danna. Muka daidaita a rabi, ya sake bugawa a kwance, komai ya fito. Wanda zai buga nasa ya ce a fara gwada masa shafi ɗaya tukun. Na yi kwafi biyu, aka sa musu leda mai ƙarfi. Ɗaya yana adakar Inna, cikin ɗankwalin nan dai, ɗaya yana gidana a saman durowa. Adireshin Gmail ɗin da kalmar sirrinsa na rubuta na ba Baffa a rufaffiyar ambulan, don rai ba a hannunmu yake ba, waya kuma tana ɓata ko a sace.

Wa zan ba shawarar ya yi amfani da shi? Gidan da kuɗin hidima zai fito daga hannu fiye da ɗaya, musamman in wasu suna nesa, kuma akwai mutum guda mai haƙurin zama kowane dare ya shigar da abin da aka kashe. In babu wannan mutumin, kada a fara, domin lissafin da aka yi rabi aka bari ya fi rikita mutane a kan wanda ba a yi ba. Wanda hidimarsa ƙarama ce kuma aljihu ɗaya ne, littafi da biro sun ishe shi, ya dai ɗauki hoton shafukan ya ajiye.

Bayan ƙaramar Sallah aka sa bikin 'yar wata ƙawar Inna a ƙauyen da ke tsallaken kogi. Da sassafe ta sa yaron maƙwabta ya hau tudu ya kira ni, ta karɓi wayar. Ba ta ambaci sunana ba, ba ta taɓa ba. Ta ce, "Ke, duba min abin nan naki, nawa ta kawo?" Na duba na ce, "Inna, dubu uku da sabulu, kuma ita ta tuƙa tuwon daren kamu." Ta ce, "To dubu biyar zan kai, kuma tun Laraba zan tafi in kama mata aiki."